Yadda ake ɗaura ƙwaron gashi a ƙugiya da kayan da ke hannunmu a Accra

Ƙwaron gashi ƙugiya ce da aka yi wa sutura da zare da gashin tsuntsu ko na dabba, har ta yi wa kifi kama da ƙwaro mai rai ko ɗan kifin da ya ɓace wa 'yan'uwansa. Ba a sa mata tana, ba a sa ƙullin masara. Kifi ya ga motsi, ya kai cafka, kafin ya gane ba abinci ba ne ƙarfe ya riga ya shige leɓe.

Dabarar ta daɗe. Wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubucin Rum, Aelian, ya ba da labarin masuntan Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara guda biyu, su kama kifi da shi. A nahiyarmu ma ba baƙon abu ba ne, domin a Kenya akwai wuraren da mutane ke zaune suna ɗaura ƙwarin nan da hannu ana fitar da su Turai da Amurka.

Idan ka buɗe YouTube za ka ga tebur cike da kayan ƙarfe masu sheƙi da gashin zakarun da aka yi kiwonsu musamman don wannan aiki, sai ka ɗauka ba naka ba ne. Ni a ganina kusan duk abin da mai koyo yake bukata yana tsakanin Nima da Makola da Kantamanto. Abin da ba a saya shi ne hannu: yadda za ka riƙe zare da tauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, da yadda za ka hana kanka cika kaya.

Ƙugiya

Ka san sassanta tukuna, don da su zan riƙa kwatance. Akwai ido, inda ake ɗaura lilo, wato igiyar fatsa. Akwai jiki, wato miƙaƙƙen ƙarfen da ke bayan ido. Sai lanƙwasa, sai tsini, sai ɗan kunnen da ke bayan tsinin.

Lambar ƙugiya a juye take tafiya: lamba 12 ta fi lamba 6 ƙanƙanta, lamba 6 ta fi lamba 2 ƙanƙanta. Daga lamba 1 sai lissafin ya miƙe, 1/0, 2/0, 3/0, kowace ta fi ta bayanta girma. Sai dai lambar wani kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wani ba, musamman a shagunan da ke sayar wa masuntan teku a Jamestown da tashar jiragen kamun kifi ta Tema. Saboda haka ka auna da ido. Ka nemi iri uku: ƙarama mai jiki kamar santimita ɗaya, matsakaiciya mai dogon jiki kamar santimita biyu, da babba mai kauri kamar santimita uku. Kada ka sayi mai faffaɗan kai marar ido, kada ka sayi wadda tsininta ya karkace gefe, domin tana sa ƙwaro ya riƙa juyawa a ruwa. Idan ruwan gishiri za ka je, sai wadda ba ta tsatsa.

Kafin ka ɗaura komai, sa filaya ka danne kunnen ya kwanta. Ka yi shi tun yanzu saboda wani lokaci ƙugiya takan karye a wurin, kuma gara ta karye tsirara. Ƙugiya marar kunne ta fi saurin shiga bakin kifi, ta kuma fi sauƙin fita ranar da ta shiga yatsanka ko kunnen abokin tafiya.

Zare da kayan aiki

Zaren roba na keken ɗinki ya isa, siriri, baƙi da fari da ruwan lemo. Na auduga yana ruɓewa kuma yana tsinkewa a hannu. Wanda ake yi musamman don wannan aiki yana da lamba 3/0, 6/0, 8/0, kuma mafi girman lamba shi ne mafi siranta. Idan da zaren tela kake aiki, ja shi a kan kakin zuma sau biyu, zai daina santsi.

Abin riƙe ƙugiya shi ne babban kaya. Wanda ya samu na asali, madalla. Wanda bai samu ba ya sayi ƙaramar filaya mai kulle, irin ta makanikai, ya ɗaure ta da kyau a gefen tebur ko a jikin katako mai nauyi, bakinta na kallon sama. Tana cizon lanƙwasar ƙugiya ta ƙasa, jikin ƙugiya ya kwanta a miƙe, ido ya kalli hannun damanka. Taɓa idon da farce: idan ƙugiyar ta sunkuya, ƙara matsewa.

Sai ƙaramin almakashi mai tsini, wanda ba za ka taɓa yanka waya da shi ba. Sai allura da ka soke gindinta a guntun kara don ta yi mariƙi. Sai bututun biro da aka cire wa tawada. Sai man farce marar launi da sufa gulu. Zare kuma yana bukatar nauyi a ƙasa don kada ya warware idan ka sake shi. Yanki kamu ɗaya da rabi, ka maƙala masa abin maƙale shanya a ƙarshe, duk lokacin da ka saki ya rataya ya ja. Daga baya za ka iya lanƙwasa waya mai tauri ta riƙe maka kwarkwaron zaren gaba ɗaya.

Haske ya zo daga sama, kuma ka jingina farar takarda a bayan ƙugiya. Da ita ake ganin gashin da ya kauce.

Gashi

A nan ne Accra ta fi wasu wurare arziki, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokaci.

Gashin zabo mai ɗigo-ɗigo, Turawa da kuɗi suke sayensa a 'yar leda. Kai kuwa duk inda ake yanka zabi za ka same shi a ƙasa. Matsalar ɗaya ce: da zarar an tsoma tsuntsu a ruwan zafi don fige shi, gashin ya cuɗe da jini da datti. Ka je da sassafe wurin masu kaji, a kasuwar Nima ko a Kantamanto, ka gaisa, ka ce, "Mma, don Allah in an yanka zabon nan a ɗan tsige mini na wuya da na baya kafin a sa shi a ruwa." Za ta tambaye ka ko magani za ka haɗa. Ka ce kifi za ka kama, ka bar ta ta yi dariyarta, ka ba yaron da ya tsige na koko. Ƙananan gashin da ke gindin wuya da saman baya su ne na aiki. Manyan na fiffike ba su da amfani a ƙananan ƙwari.

Daga zakara kana son dogayen gashi masu sheƙi na wuya da waɗanda ke zubowa ta gefen gindin wutsiya. Zakaran gida da ya manyanta ake nema. Kajin gidan gona da ake yankawa suna 'yan makonni gashinsu bai gama fitowa ba. Lanƙwasa gashi ɗaya ka duba: na zakara silinsa na tsayawa tsaye da tauri, na kaza na kwanciya da laushi. Kowanne da aikinsa. Mai tauri yana tura ruwa, yana taimaka wa ƙwaro ya tsaya a sama. Mai laushi yana numfashi a cikin ruwa.

Akwai kuma lallausan gashin nan mai kama da hayaƙi da ke ƙasan cikin talotalo, da gindin manyan gashin kaza. Kada ka zubar. Shi ne wutsiyar ƙwaro na biyu da za mu ɗaura.

Dogon gashi na jikin ɗan kifi kuwa, Babbar Sallah ce lokacinsa. Ragunanmu na kudu, gajerun nan, suna da geza a wuya da ƙirji, doguwa, wadda ke sirancewa a baki. Manyan ragunan arewa da ake saukewa a Tulaku ta Ashaiman galibi gajeren gashi gare su, sai ka duba na gida. Ranar layya ka roƙi gezar kafin a babbaka fatar, ka yanke ta daga tushe, ka ɗaure da roba. Gashin wutsiyar sa ma yana yi. Idan ba lokacin Sallah ba ne, gashin roba da mata ke ƙarawa a kitso yana Makola kala-kala, sai dai bakinsa a datse yake, dole ka riƙa zazzare silin don tsawonsu ya bambanta.

Duk gashin da ya fito daga jikin dabba ka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano, ka ɗauraye, ka shimfiɗa a jarida a inuwa ya bushe sarai. Sa shi a leda ka jefa a firiza 'yan kwanaki don kashe ƙwarƙwata da ƙwansu, sannan ka adana da ƙwayar kafur. Laimar Accra ba ta ragawa. Gashin da aka rufe da sauran danshi zai yi fumfuna. In kana son launi, lalle yana rina farin gashi ja-ja, gangamau yana ba da rawaya, kalar abinci kuma tana kamawa idan ka dafa ta da ɗan binega. Gashin roba ba ya shan ko ɗaya daga cikinsu.

Ragowar kayan: ulu na saƙa, baƙi da kore mai duhu, siririyar wayar tagulla daga wurin masu naɗa kwayil ɗin fanka, zaren ƙyalli da teloli ke aikin wuyan riga da shi, sarƙar nan mai ƙananan ƙwallaye da ake ratayo mabuɗi ko katin aiki, da tsohuwar silifa.

Hannu uku da za ka koya kafin ka taɓa gashi

Na farko, kafa zare. Riƙe bakin zaren da hagu, ɗora shi a kan jikin ƙugiya ɗan nesa da ido, ka naɗa da dama ta sama zuwa can gaba, wato zaren ya bar ka ta sama ya dawo maka ta ƙasa. Yi naɗi uku zuwa wajen ido, sannan ka dawo baya ka hau kan su da naɗi biyar ko shida. Zaren ya danne kansa ke nan. Yanke bakin da ya rage. Daga nan kowane naɗi a wannan fuska zai tafi, ba a sauyawa. Ka ja zaren da gangan har ya tsinke, sau biyu ko uku, don hannunka ya san iyakarsa. Aikin gaske ana yin sa ne kaɗan ƙasa da wannan iyaka. Ka kuma kula da tsinin ƙugiya, shi ne ke yanke zare a ɓoye idan ka zo lanƙwasa.

Na biyu, ɗaura abu a saman ƙugiya ba tare da ya zame gefe ba. Wannan ne ke ba kowa wahala. Idan ka ɗora gashi ka naɗa kai tsaye, zaren zai tura shi ya koma bayan ƙugiya. Ga maganin: riƙe gashin da jikin ƙugiyar tare tsakanin babban yatsa da manuni na hagu. Ɗaga zaren sama, ka cusa shi tsakanin babban yatsan da gashin, ka matse. Sauke shi ta ɗaya gefen a sake, ka cusa tsakanin manuni da gashin, ya zama akwai ɗan madauki tsaye a sama cikin yatsunka. Yanzu ja zaren ƙasa a miƙe. Madaukin zai sauko ya danne gashin daga sama. Maimaita sau biyu kafin ka buɗe yatsu ka duba.

Na uku, ƙulli. Naɗa zaren sau ɗaya a bakin bututun biro, kifa bakin bututun a kan idon ƙugiya, zame madaukin ya sauka bayan ido, ja. Yi haka sau uku ko huɗu, yanke, ɗiga man farce da bakin allura. Kafin ya bushe, zura guntun gashi ta cikin ido ka share, don babu takaici kamar ka isa bakin ruwa ka tarar ido a toshe.

Ka'ida ɗaya ta ratsa dukkan ƙwarin: bar fili a bayan ido, kamar faɗin idon kansa, kada komai ya taɓa shi sai a ƙarshe. Nan kan ƙwaron, wato ɗan tudun zaren da ake rufewa da shi, zai zauna.

Ƙwaro na farko: ɗan zabo

Ƙaramar ƙugiya, lamba 10 ko 12. Zare ruwan lemo, siririyar waya, gashin zabo ɗaya.

Kafa zare. Ɗaura bakin wayar a jikin ƙugiya, ka naɗa zaren a kanta a jere, naɗi na taɓa naɗi, har daidai saman tsini. Tsaya nan, kada ka gangara cikin lanƙwasa. Dawo da zaren gaba a jere. Jikin ƙwaro ke nan, siriri, zare hawa biyu. Ɗauki wayar ka naɗa ta gaba a buɗe, naɗi huɗu ko biyar masu tazara ɗaya, ka danne ta da zare, ka lanƙwasa ta gaba da baya har ta karye.

Zaɓi gashin da tsawon silinsa, idan an kwantar, zai kai lanƙwasa ko ya ɗan wuce. Tsige lallausan da ke gindinsa. Da yake gashin zabo yana da yawan sili, tsige gefe ɗaya gaba ɗaya. Riƙe ɗan bakinsa, ka shafa sauran silin baya, ka ɗaura shi ta wannan bakin, fuskar gashin mai kyau tana kallon ido. Kama gindin ka zagaya ƙugiya sau ɗaya da rabi, kana shafa silin baya da yatsun hagu a kowane zagaye. Danne karan da naɗi uku, yanke, yi ƙaramin kai, ƙulla.

Idan ka kalle shi ka ji kamar ya yi tsirara, daidai ke nan. Sili goma sha biyar zuwa ashirin sun isa. A ruwa suna buɗewa suna rufewa kamar ƙafafun ƙwaro, kuma idan sun yi yawa sai su manne su zama dunƙule marar motsi. Mai koyo kullum yana ƙara zagaye ɗaya "don ya yi kyau", ƙwaron ya fito kamar wanda ya faɗa kogi da babbar riga uku.

Wannan na kawara ne da ƙananan kifayen gefen ruwa, da karfasa. Game da karfasa kada in cika maka baki: yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan halittun ruwa, ba kullum take kula ƙwaro ba. Amma tana ɗaukar ƙarami idan ya nutse a hankali a gabanta, kuma lokacin da take gadin gurbi tana kai wa duk abin da ya matso.

Ƙwaro na biyu: mai wutsiya

Sunansa Woolly Bugger, kuma ana danganta shi ga Russell Blessing na jihar Pennsylvania a Amurka, a 1967. Bai yi kama da abu ɗaya takamaimai ba: yana iya zama matsattsaku, ko talibambam, ko ɗan kifi, ko jatan lande. Da za a ce in zaɓi ƙwaro ɗaya in je kowane ruwa a Ghana, baƙinsa zan ɗauka.

Matsakaiciyar ƙugiya mai dogon jiki, lamba 6 ko 8. Fara da nauyi: naɗa wayar tagulla mai ɗan kauri sau goma zuwa goma sha biyar a rabin gaba na jiki. Kafa zare, ka bi ta kan wayar gaba da baya don ta zauna, ka ɗiga sufa gulu kaɗan. Nauyin gaba shi ne ke sa ƙwaron ya riƙa sunkuyar da kai duk lokacin da ka dakata da ja, wutsiya ta yi rawa.

Kai zaren ƙarshen jiki. Ɗebi lallausan gashin talotalo, ka jiƙa yatsu ka shafe shi ya haɗu. Auna: wutsiya ta yi tsawon jikin ƙugiya, kada ta wuce, in ba haka ba kifi zai riƙa cizon wutsiya yana barin ƙarfe, kuma za ta riƙa naɗewa a lanƙwasa. Ɗaura ta da dabarar madauki. Gindin da ya rage kada ka yanke shi nan take. Kwantar da shi a jiki har inda wayar nauyi ta fara, ka naɗe, don jikin ya daidaita. Idan wutsiyar ta yi tsawo, tsinke bakin da farce. Almakashi yana barin baki a datse, wanda ba ya motsi da kyau.

A gindin wutsiya ɗaura siririyar waya, ka bar ta tana lilo a baya. Ɗaura ulu a wuri ɗaya, kai zaren gaba, naɗa ulun a jere har kusa da ido, danne, yanke. Yanzu ɗauki dogon gashin zakara wanda silinsa ya kai faɗin bakin ƙugiya, wato tazarar da ke tsakanin tsini da jiki, sau ɗaya da rabi. Tsige gindin, ɗaura shi ta gindin a gaba. Zagaya sau biyu a wurin, sannan ka tafi baya a buɗe, zagaye biyar ko shida, har gindin wutsiya. Riƙe bakin gashin da hagu, ɗauki wayar da ke jira, ka danne shi da ita, ka naɗo ta gaba ta cikin silin kana ɗan kaɗa ta hagu da dama don kada ta kwantar da su. A gaba danne wayar da zare, karya ta, yi kai, ƙulla. Yanke bakin gashin da ya rage a baya. Silin da waya ta danne, tsokano su da allura.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauri, inda ake ɗaura gashin a baya a naɗo shi gaba ba waya. Ban so ta. Haƙorin kifi ɗaya ya yanke karan, gashin duka ya warware. Da waya a kai, ko karan ya tsinke ƙwaron na nan.

Ƙwaro na uku: ɗan kifi mai ido

Wanda ya taɓa tsayawa a Kpong ko Atimpoku, kusa da gadar Adomi, ya ga ƙananan kifin nan farare da ake soyawa ana sayarwa da abolo. Su da 'yan'uwansu da suka ɗan fi su girma suna cikin abincin manyan kifayen Volta, irin su tsage da giwan ruwa. Ƙwaron da ya fi kwaikwayonsu shi ne Clouser Minnow, wanda Bob Clouser ya ƙirƙira a 1987 don kogin Susquehanna na Amurka. Shi da jelar barewa yake yi. Mu da gezar rago.

Babbar ƙugiya, lamba 2 zuwa 1/0, da zare mai ƙarfi. Raba jikin uku a ido. A ƙarshen kashi na farko daga gaba, tara ɗan tudun zare biyu kusa da juna. Yanko ƙwallaye biyu a haɗe daga sarƙar, da filaya, ka ɗora su a gicciye tsakanin tudun, a saman ƙugiya. Naɗa a karkace sau shida ta wannan kusurwa, sau shida ta waccan, har su daidaita. Sannan ka zagaya ƙarƙashin ƙwallayen amma saman jikin ƙugiya sau huɗu, ka ja da ƙarfi. Wannan ne ke tsuke naɗin farko. Ɗiga sufa gulu. Kuskuren da aka fi yi shi ne kai ƙwallayen, waɗanda su ne idanun ɗan kifin, kusa da idon ƙugiya, sai a rasa wurin ɗaura gashi, ƙwaron kuma ya riƙa faɗuwa da ka maimakon ya yi iyo.

Ɗebi farar geza, kaurin tsinken ashana idan an matse, tsawonta ninki biyu zuwa biyu da rabi na ƙugiya. Riƙe ta ta baki ka zare gajerun gashi da lallausan da ke gindi. Ɗaura gindin a gaban ƙwallaye, kwantar da gashin ta tsakaninsu, kai zaren bayansu ka danne, ka yi naɗi a buɗe zuwa baya ka dawo. Mai da zaren gaban ƙwallaye.

Cire ƙugiyar ka juya ta, tsini ya kalli sama. Ɗaura silin zaren ƙyalli huɗu zuwa shida. A kansu ɗora geza mai duhu, toka-toka ko kore ko wadda ka rina, ɗan fi farar yawa kaɗan, ka raba ta biyu ta wuce gefen tsini. Wannan a gaban ƙwallaye kawai ake ɗaure ta. Yanke gindin a karkace don kai ya fito da tsini, rufe da zare, ƙulla, shafa man farce hawa biyu.

A ruwa nauyin ƙwallayen yana kifar da ƙugiya, tsini ya koma sama, fari ya zama ciki, duhu ya zama baya, yadda kifi yake. Amfanin wannan babba ne a tafkin Volta, domin tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya shanye dazuzzuka, kututture na nan tsaye a ƙasa, kuma ƙugiya mai kallon sama ba ta cika maƙalewa ba. Ɗaga ƙwaron ka kalli haske ta cikinsa. Idan haske bai ratsa ba, gashi ya yi yawa.

Tsage yana da haƙora masu yanke lilo nan take, haka ma barakuda a bakin teku a Ada. Sa siririyar wayar ƙarfe kamar santimita goma zuwa goma sha biyar tsakanin ƙwaro da lilo, ka kuma wasa tsinin da kyau, don bakin tsage ƙashi ne.

Shinge

Bayan ruwan farko na damina, wajen Afrilu, shinge na fitowa ya cika fitilu, wanda ya faɗa ruwa kuma kifi na tashi sama su tsince shi. Yanko siririn yanki daga silifa, faɗin tsinken ashana biyu. Rufe jikin ƙugiya lamba 10 da zare, shafa gulu kaɗan, ɗora yankin a sama ka ɗaure shi a wuri uku don ya yi gaɓa-gaɓa. Kada ka ja da ƙarfi, zare na yanka roba. A ɗaurin gaba kwantar da bakin farin gashin kaza biyu su wuce jiki da tsawo, su ne fukafukai. Ka yi mafi girma da koren roba da ƙafafun zaren roba, ya zama fara.

Gwaji da jifa

Kada ka ɗaura goma kafin ka jiƙa ɗaya. Cika baho da ruwa, ɗaura ƙwaron a guntun lilo, ka ja shi kaɗan-kaɗan. Idan yana juyawa, kayan sun karkata gefe ɗaya. Idan ɗan kifin bai kifa ba, ƙwallayen sun yi ƙanana ko farin gashin ya yi yawa. Idan shinge ya kwanta a gefe, robar ta yi faɗi. Kama jikin ka murɗa da yatsa: in ya juya a kan ƙarfe, zarenka ya yi sako-sako tun daga tushe. Sa reza ka feɗe shi, ƙugiyar ba ta lalace ba. Ka ɗaura iri ɗaya sau shida a zama ɗaya, ka jera su; bambancin na farko da na shida zai nuna maka inda hannunka ke gyaruwa.

Ƙwaron ba shi da nauyin da zai ja lilo, shi ya sa masu wannan kamun suke da sanda ta musamman da igiya mai nauyi wadda ita ce ke ɗaukarsa. Rashinta ba zai hana ka ba. Da sandar fatsa mai injin naɗi, sa abin da ke yawo a saman ruwa mai ɗan nauyi, ka bar lilo kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a bayansa, ƙwaro a ƙarshe. Da doguwar gora kuwa, ɗaura lilo mai tsawon gorar, ka riƙa sauke ɗan zabo ko shinge a gefen ciyawa. Masuntan duwatsun Japan da irin wannan suke kamawa, ba injin naɗi.

Duk inda ka je, Weija ko Kpong ko Ada, fara da gaida masuntan wurin ka tambayi inda aka yarda a jefa. Weija ruwan shan gari ne, kejin masu kiwon karfasa a Volta dukiyar mutane ce, kuma a bakin tekun Accra ranar Talata masunta ba sa fita. Ruwan Volta da na Densu suna da tsargiya, don haka ka tsaya a gaɓa ko cikin kwalekwale, ko ka sa dogon takalmin roba. Sa tabarau ko da yamma ce, saboda ƙugiyar da iska ta kaɗo.

Idan ka dawo, ƙwarin da suka shiga ruwan gishiri ka ɗauraye su da ruwan famfo. Dukkansu ka soke su a guntun silifa su kwana a sarari, sai sun bushe ka mai da su gwangwani. Wanda gashinsa ya cuɗe, riƙe shi da filaya a kan tururin buta na 'yan daƙiƙu, silin za su miƙe su koma yadda suke.